Yini guda a tsibirin Kozumel ba tare da 'yan rakiyar jirgi ba: wa ya taɓa gwadawa?

Maman 'Yan Biyu, Houston:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A watan Janairu, in Allah ya kai mu, za mu hau jirgin ruwan shaƙatawa daga Galveston ta jihar Texas, ni da maigida da yara da surukata. Jirgin zai tsaya a Kozumel ta ƙasar Meziko daga safe zuwa yamma. Na duba kuɗin yawon da kamfanin jirgin ke shiryawa, da na haɗa na kowa da kowa sai da na ajiye wayar na sha ruwa. Maigida ya ce mu sauka kawai mu yi gaban kanmu, har yana zancen mu tsallaka mu ga kufan Tulum, wani tsohon garin mutanen Maya na zamanin da. Hajiya surukata kuma gwiwa na damunta, ba ta doguwar tafiya. Don Allah waɗanda suka taɓa sauka can su faɗa mana yadda suka yi.

Alhajin Dallas:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kozumel na cikin wuraren da mutum zai iya yawonsa shi kaɗai hankali kwance, domin jirgi na jingina da gada ne, da ƙafa za ki sauka, ba sai an ɗebe ku a ƙaramin kwalekwale ba. Amma kafin a yi zancen inda za a je, a fara gyara zancen agogo. Jihar Quintana Roo, wadda tsibirin ke cikinta, ta sauya lokacinta tun 2015, kuma ba ta matsar da agogo gaba ko baya kamar yadda ake yi a Amurka. A watan Janairu Kozumel na gaban Texas da awa ɗaya. Wani kyaftin yakan ce a gyara agogo ya bi na gari, wani ya ce a zauna a kan na jirgi. Wayarki kuwa ba ruwanta da kyaftin, da ta kama sabis za ta koma lokacin gari.

Ni abin da nake yi, agogon hannu mai allura nake ɗaurawa, in saita shi da allon da ke bakin ƙofar fita, inda suke rubuta lokacin da ake son kowa ya dawo. Yawanci rabin awa ne kafin tashi. In ɗauki hoton allon. Daga wannan lokacin nake cire awa ɗaya da rabi, abin da ya rage shi ne yinina. Idan kin yi alkawari da wani mai kwalekwale ko direba tun daga gida, ki tambaye shi ƙarfe goman da yake nufi, ta gari ce ko ta jirgi. Goman gari tara ce a agogon Galveston.

Ɗan Damagaram a Orlando:
Alhaji ya faɗi gaskiya, sai dai ku masu tasowa daga Texas da sanyi abin ya zo muku da sauƙi, ko wayar ta ruɗe ku da wuri za ku dawo. Mu masu tashi daga Florida da bazara mu ne ke cikin hatsari, don a lokacin jirgi ne ke gaban gari da awa ɗaya. Da idona na ga wasu mata da miji suna sheƙa gudu a kan gadar nan, ledojin tsaraba na kaɗawa, takalmin matar a hannu, mutanen da ke baranda suna ta tafi da ihu. An riga an fara janye tsani. Sun samu shiga, amma matar kuka take. Wanda kamfani ya fita da shi yawo ne kaɗai ake jira in ya makara. Wanda ya fita da kansa, jirgi tafiyarsa yake yi, kuɗin otal da na jirgin sama kuma daga aljihunsa.

Anti Nas:
'Yar'uwa, ki rarrashi maigida ya bar zancen Tulum. Tulum ba a tsibirin take ba. Sai kun ɗauki tasi zuwa tashar jirgin fito a cikin garin San Miguel, ku yi kusan minti 45 a ruwa zuwa Playa del Carmen, sannan mota ta yi kamar awa guda da ku kudu. Ki ninka wannan biyu, ki ƙara jiran jirgin fito, don ba kowane minti yake tashi ba. Da sanyi kuma akwai iskar arewa da suke kira norte, in ta taso mashigin nan yakan yi tambal-tambal da mutane. Ranar da muka tsallaka, ma'aikata na bin kujeru suna raba leda, kuma ba a yi asarar ledojin ba. Mu ta hannun kamfanin jirgi muka je, shi ya sa ban damu da lokaci ba, amma abin da muka samu a kufan kansa bai taka kara ya karya ba, rana tsaka, ba inuwa, ga tafiya daga wurin ajiye motoci. Da tsohuwa mai ciwon gwiwa? A'a wallahi.

In dai gine-ginen mutanen Maya yake son gani, akwai San Gervasio a cikin tsibirin. Ba su kai na Tulum kyan gani ba, ƙanana ne, amma wurin na da tarihi: matan Maya kan tsallako ruwa su zo ziyarar abin bautarsu Ixchel, wadda suke dangantawa da haihuwa. Ku tafi da maganin sauro. Hanyoyin ciki duwatsu ne, gara Hajiya ta zauna a inuwar bakin shiga.

Baban Khalifa, Katy:
Ni dai ban yarda a ce ba za a iya tsallakawa ba. Na yi, ni da wani abokina, muka bi jirgin fito na farko bayan mun sauka, muka dawo da sauran lokaci har muka ci abinci a gari.

Anti Nas:
Ku biyu ne, Baban Khalifa, maza, ba goyo ba jaka. Ita da 'yan biyu da suruka take magana. Kafin a gama kai yara bayi ma jirgin fito ɗaya ya tashi.

Baban Khalifa, Katy:
To, na sallama, Anti. Amma bari in ba da abin da zai yi mata amfani. Tashoshin manyan jirage uku ne a Kozumel: Punta Langosta da ke cikin gari, sai International da Puerta Maya da ke 'yan kilomitoci kudu. Ki san sunan taku kafin ki shiga tasi. In kika ce wa direba ya kai ki wurin jirgi, zai tambaye ki wanne, don wata rana jirage shida ko fiye ne a tsaye, kuma daga nesa duk farare ne. Tasinsu ba su da mita, kuɗin kowane wuri a rubuce yake a allo a bakin tasha, ki ɗauki hotonsa. Ku da yawa ne, ƙaramar mota ba za ta ɗauke ku ba, sai bas ɗin tasi. Suna karɓar dala, amma ki riƙe ƙananan takardu masu tsabta, yagaggiya ba sa so, canji kuma sau da yawa da peso za a ba ki.

Kawu na Atlanta:
Abin da muka yi da iyali, kuma shi nake ba kowa shawara, shatar tasi muka ɗauka. Muka yi ciniki da direba a kan awa huɗu, muka rubuta kuɗin a takarda ya gani na gani, muka ce sai mun dawo za a biya. Tsibirin tsawonsa wajen kilomita 48 ne, faɗinsa 16, amma titin kwalta rabin kudu kawai ya zagaye. Ya ratsa da mu ta tsakiya zuwa gabas, muka gangara kudu ta bakin teku, muka dawo ta yamma.

Gabashin nan wata duniya ce daban. Ba manyan otal-otal, ba wayoyin lantarki, sai igiyar ruwa na dukan duwatsu da 'yan rumfunan masu kwakwa. Direban ya tsaya wurin wani dattijo, ya sare mana kan kwakwa da adda, muka shanye ruwan, ya tsaga ta ya kankaro naman ya matsa lemun tsami ya barbaɗa barkono. Yara har yau suna zancenta. Amma kada ki bar su su shiga ruwan wannan gefen sai inda direba ya ce akwai kariya, yana da ja, kuma in kin ga jar tuta to ko ƙafa kada a tsoma. Sabis ɗin waya ma yana ɗaukewa a can, gidan mai kuma babu sai an dawo wajen gari. Wannan ne dalilin da ya sa nake fara gabas da safe, in bar yamma, inda jirgi yake, ta zama ta ƙarshe. Ko taya ta yi faci da rana, kina kusa.

A ƙarshen kudu akwai Punta Sur, mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Celarain da tafkin da ake leƙen kada daga kan dakalin katako. Wurin na cin lokaci, in kun shiga can to ku haƙura da San Gervasio. Ba a haɗa su biyun da wanka a yini ɗaya sai an yi ta tsere.

Anti Nas:
Tunda Kawu ya kawo zancen mota, in ƙara: duk arhar da za a yi muku, kada maigida ya karɓi hayar ɗan babur ɗin nan irin roba-roba. Aikina na nas ya sa idona ke kai wa kan bandeji, kuma da yamma a layin komawa jirgi sai ki ga gwiwoyi da gwiwar hannu a naɗe. Yashi ne a kan kwalta, ga tudun rage gudu da ba a gani sai an hau shi. Asibitocin kuɗi na can kuma sukan nemi a biya tun kafin a sallami mutum, inshorar lafiyarki ta Amurka ba lallai ta yi aiki ba.

Malama Ummu Sumayya, Chicago:
Ba wanda ya taɓo abinci da salla, bari in shiga nan. Yankin Yucatán, wanda tsibirin ke gefensa, naman alade ne abin alfaharinsu. Cochinita pibil alade ne, al pastor alade ne, chicharrón fatarsa ce. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne manteca, kitsensa, da ake soya wake da shi, wani lokaci har a cikin waina irin tasu ta fulawa da tamales, wani ƙullin masara da suke turarawa a ganye. Na rubuta a 'yar takarda da Sifaniyanci, sin puerco, sin manteca, sin alcohol, wato ba alade, ba kitsensa, ba giya, ina miƙa wa mai kawo abinci. Gasasshen kifi muka ci da shinkafa da ayabar suya, na ce a bar waken. Wuraren shaƙatawa na bakin ruwa da ake biyan kuɗin yini, da yawansu kuɗin giya na cikin farashin, ku da ba kwa sha asara ce, ga kiɗa da 'yan maye bayan azahar. Ki nemi wanda ake biyan kuɗin shiga kaɗan a sayi abin da ake so, ko ku je Chankanaab, wurin iyali ne, akwai inuwa da kujeru da bayi mai tsabta, kuma bai yi nisa da tashoshin kudu ba. Na shiga ruwa da dogayen kayan wankana, ba wanda ya ko kalle ni.

Salla kuwa, mu matafiya ne, muka yi ƙasaru muka haɗa azahar da la'asar a ƙarƙashin wata bishiya can gefe. Alƙibla na arewa maso gabas. Ki saka 'yar sallaya mai naɗewa a jaka.

Ɗan Damagaram a Orlando:
Malama, Allah ya saka. Game da shiga ruwa, yammacin tsibirin ne wurin murjani, ruwan garai-garai, da gilashin ido da bututun numfashi kaɗai za ka ga kifi kala-kala a gabanka. Masu kwalekwale na kai mutane Palancar da El Cielo, inda taurarin teku ke kwance a kan farin yashi. Gandun ruwa ne na gwamnati, ba a taɓa su, ba a ɗauko komai, kuma za a ce kada a shafa man kare rana kafin a shiga, sai a sa riga mai dogon hannu. Amma in norte ta taso, hukumar tashar kan hana ƙananan kwalekwale fita gaba ɗaya. A Janairu kada ki biya kuɗin da ba a mayarwa.

Maman 'Yan Biyu, Houston:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida na Anti Nas, ya yi shiru, ya ce to a tambayi nawa ne shatar bas ɗin. Saura abu ɗaya: Hajiya da fasfon Najeriya ta zo mana ziyara. Akwai matsala?

Alhajin Dallas:
Wannan ai shi ya kamata a fara da shi, Hajiya. Ta ɓangaren Meziko da sauƙi, mai bizar Amurka da ke aiki ba ya buƙatar tasu. Inda gizo ke saƙar shi ne dawowa. Hawa jirgin nan fita ce daga Amurka, komawa Galveston kuma sabuwar shiga ce. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar ziyarar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, ta wata uku. Ki buɗe fasfon ki duba wurin da aka rubuta adadin shiga, M ce, wato shiga da yawa, ko 1. In tsohuwar biza ce mai M kuma ba ta ƙare ba, alhamdulillahi. In 1 ce, kada ki biya ko sisi sai kamfanin jirgi ya ba ki amsa a rubuce, kin kuma tambayi lauyan shige da fice. A bakin tasha suke hana mutum hawa, kuma ba sa mayar da kuɗi.

Ranar sauka kuma ku fita da katin jirgi da shaida mai hoto. A takardar shirin yini da ake sa wa a ɗaki akwai lambar wakilin jirgi na wannan tashar, ita za ki kira in wani abu ya tsare ku a hanya.

Kawu na Atlanta:
Na dawo da abin da na manta. Ki gaya wa Hajiya ta bar kilishinta da dambun nama a ɗaki, kada kuma a ɗebo tuffa da ayaba daga wurin karin kumallo a cusa a jakar yara. Ba a sauka da nama ko 'ya'yan itace, akwai jami'an aikin gona da karnuka a bakin gada, kuma karen bai san suruka ba. Biskit da ke cikin ledarsa ba a buɗe ba, da ruwan gora, su ne ke wucewa. In gwiwar ta matsa mata, gadar na da tsawo, akwai masu keke mai ƙafa uku da ke ɗaukar mutane daga gindin jirgi zuwa ƙofa a wasu tashoshin, sai a ba su ɗan abin hannu.