Wai zalɓe ne ke ƙarar da kifi a fadamar Hadejia da Nguru?

Ɗan Nguru: Jama'a ni fa na ce zalɓe ne ke cinye mana kifi, ku je bakin ruwa da asuba ku gani, ga su nan jere kowa ya kafa ƙafa, da kifi ya gifta sai caraf.

Malamar makaranta: Haba yaya, tsuntsun da nauyinsa bai wuce kilo 2 ba? Tsayin ne ke ruɗar ku, ya kai kusan mita 1 amma duk ƙafa ne da wuya. Abin da yake ci a yini da wuya ya haura rabin kilo, kuma ba kifi zalla ba, har kwaɗi da ɓeraye da fara.

Mai kiwon tarwaɗa: Malama da girmamawa, ba ki taɓa zuba 'ya'yan kifi a fond, wato tafkin kiwon kifi, ba shi ya sa. Ruwa ba zurfi kifi a cunkushe, yana sauka ya ɗebi rabonsa, wanda ya yi masa girma ma sai ya soke shi da baki ya bar maka shi da ciwo. Sai da na rufa raga a sama na samu lafiya.

Malamar makaranta: Na yarda da na fond ɗari bisa ɗari, amma fadama daban ce. Tun kakanninmu akwai zalɓe kuma kifi na nan jingim. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliya ta ragu, kifi kuwa a ambaliya yake hayayyafa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa.

Ɗan Nguru: To me ya sa suka fi yawa da rani?

Baba masunci: Ɗana wasu baƙi ne, masu ruwan toka da baƙin layi a bayan ido, daga Turai suke zuwa gudun sanyi su koma. Mai baƙin kai shi ne ɗan gida, a bishiyoyin gari yake sheƙa kuma a gona ma yake kiwo. In ya tashi za ka ga ya lanƙwashe wuya, shamuwa ita miƙewa take. Kuma mu faɗi gaskiya, ragar nan mai ƙananan ido da muke ja tana kwashe har 'ya'yan karfasa, wannan wa ya sa mu?

Ɗan Nguru: Baba na ji batun raga, amma wlh wanda na gani jiya tarwaɗa guda ya haɗiye, ban janye ba.