Fara tanis da girma har a zama koci: abin da aka ce

Tambayar ita ce ko wanda ya fara tanis da girma zai iya zama koci. Ga abin da na tsinto daga maganganunku:

1. Kowa ya yarda shekaru ba sa hanawa. A fara da bugun bango, da ƙwallo mai laushi, ja ko ruwan lemo.

2. Zafin Garwa, a arewacin Kamaru, a Afrilu ba wasa ba ne, sai bayan asuba ko la'asar. Takalmin kirki kafin raket (abin buga ƙwallon) mai tsada, don gwiwa ce ke fara kuka.

3. Kan hanyar zama koci, nan aka rabu. Wasu sun ce sai da takardar hukumar tanis ta ƙasa, wasu sun ce a fara zama yaron koci, ana jefa wa yara ƙwallo. Ni dai ina bayan na biyun.

Masu kawo misalin ɗan wasan tanis Yannick Noah kuwa, ya ci babbar gasar tanis ta Faransa, Roland Garros, a 1983, amma tun yana ƙarami ya fara a Yawunde.