Rola tana bar mini layi-layi a bangon falo, ina mafita?

Assalamu alaikum, masu sana'ar fenti ku taimaka mini. Ina yi wa falonmu fentin ruwa, kalar madara, da rola mai inci 9. Da danshinsa lafiya lau yake, amma da ya bushe sai layuka su fito daga sama har ƙasa, daidai inda shafa ɗaya ta hau kan wata. Da hantsi idan hasken taga ya bugi bangon, nan ya yi duhu, can ya koɗe. Abin yana damuna ƙwarai.

Filastar ta haura kwana 28, na goge ta da sanfefa, na share ƙura, na sa shafin ƙasa. Iskar hunturun nan ta Kano nake zargi, don kafin in sake tsoma rolar, gefen da na baro ya riga ya sha iska. Na rufe tagogi, na kashe fanka, ya ragu amma bai tafi ba.

Wani ya ce in ƙara ruwa, ni kuwa ina tsoron ya tsinke ya kasa rufe bangon. Ko gashin rolar ne ya yi gajarta ga bango mai kaushi? Kuma layukan da suka bushe, ƙarin shafi zai ɓoye su, ko sai na sake bi da sanfefa tukuna?