Hoton Malam a farantin jan ƙarfe: ku ba ni shawara

Baban Hanifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Malaminmu na Nahawu a Wunti zai cika shekara tamanin, mu ɗalibansa muna son a zana shi. Hotunan waya duk sun sa shi kamar mai jiran layin banki. An ce mini akwai zanen da ake yi da asid a kan ƙarfe. Wa ya san kansa?

Habu Yelwa: Wa alaikumus salam, Yaya. Farantin jan ƙarfe ake shafe wa kaki, a yi zanen da allura, a tsoma a asid. Inda allura ta kankare kakin, nan asid ke ci. Sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a matse da takarda mai danshi. Ka shafa fuskar Sardauna a ɗari biyu sabuwa, za ka ji tudun tawadar. Dangin aikin ne.

Malam Garba: Kafin komai, an tambayi Malam? Wasu malaman ba sa son a zana su ko kaɗan.

Baban Hanifa: An tambaya, Allah gafarta Malam. Ya ce in dai ba za a rataye a zaurensa ba.

Anti Rakiya: To ka nemo hoton da Rembrandt, mutumin Holan, ya yi wa mai wa'azi Anslo a 1641, ka nuna wa mai zanen. Yana zaune, alƙalami a hannu, ɗaya hannun ya miƙe wajen littafi, ya juya kamar an yi masa tambaya yana tsakiyar amsawa. Ni hannun nan ne ya kama ni, ban ma damu da fuskar ba. Malaminku me yake yi in ɗalibi ya yi kuskure?

Baban Hanifa: Sai ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya ɗora yatsa a kan kalmar, ya yi shiru har ka gano da kanka.

Anti Rakiya: Shi za a zana. A bar babbar riga ta huta.

Habu Yelwa: Akwai na masanin nan Erasmus da Dürer, mai zane ɗan Jamus, ya yi a 1526, sai dai shi sassaƙa ne da ƙarfe mai kaifi, ba asid. A jikinsa ma an rubuta da Girkanci cewa rubuce-rubucen mutumin sun fi nuna kamanninsa.

Sani Tela: Ku dai kula, bugun yana fitowa a juye kamar madubi. Na taɓa biyan wani ya yi na kakana, sai ga tsoho da alƙalami a hagu, rubutun allon ya koma baibai. Goggo ta ce a ɓoye shi kada jikoki su gani.

Habu Yelwa: Mai zane ba zai yi wuya a nan Bauchi ba, injin matsewa ne matsalar. Ka tuntuɓi sashen zane na ABU Zariya, inda shahararren mai zanen nan Bruce Onobrakpeya ya yi karatu tun kafin makarantar ta zama jami'a. Ka ce a nuna maka bugun gwaji kafin ka cika kuɗi.

Baban Hanifa: Na gode. Habu, ranar Asabar kana gari? Mu je darasin bayan La'asar ka ga yatsan da idonka.