Yaya ake auna ko ma'aikaci ya iya isar da saƙon kare muhalli?

Mai tantancewa, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikina tantance ƙwarewar ma'aikata a bakin aikinsu, bisa tsarin NSQ, wato tsarin ba da shaidar ƙwarewar sana'a a Najeriya, wanda hukumar ilimin fasaha ta ƙasa (NBTE) ke kula da shi. A takardar da nake cikewa akwai gurbin da ke ba ni wahala: ko ma'aikaci ya iya isar da bayani da shawara kan kare muhalli ga masu ruwa da tsaki. In haɗa taki ne ko feshi, ido ya gani, hannu ya ba da maki. To magana fa? Na sha ganin wanda ya yi jawabi har aka tafa masa, aka watse ba wanda ya riƙe komai. Waɗanda aka taɓa tantancewa, da masu tantancewar, don Allah ku faɗa mana yadda ta kasance.

Malamin gona, Maraɗi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a kan sassabin zamani aka gwada ni, wato barin tohon kututture a gona ana gyara shi har ya zama itace, aikin da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a nan jiharmu tun 1983. Wanda ya zo auna ni ya bari na gama bayani a tsakiyar gonar hatsi, sannan ya ce in koma gefe in yi shiru. Ya miƙa wa wani dattijo adda, ya kai shi gaban kututturen kalgo da ya yi toho cunkus, ya ce, "Baba, nuna mini abin da yaron nan ya ce." Dattijon ya tsuguna, ya laluba da hannu, ya ware masu ƙarfi da suka miƙe ya bar su, sauran ya sare su daga ƙasa zuwa sama kada ɓawon ya yage. A nan aka ba ni maki, a hannun dattijon.

Sai kuma tambayoyi, kuma na lura su ya fi rubutawa. Wani ya ce inuwa za ta kashe masa hatsi. Na nuna masa gawo, wanda ke kakkaɓe ganye da damina ya yi kore da rani, ga 'ya'yansa abincin dabbobi. Wani ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi: in itacen ya girma, na wa ne? Mutanenmu ba su manta da lokacin da 'yan gandun daji ke cin mutum tara don ya sare itace a gonarsa ba. Malamin da bai san dokar Nijar ta 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina ba, ko ya fi kowa baki, ba za a bi shi ba. Ki sa wannan a takardarki, Hajiya.

Jami'in muhalli, wata masana'antar jima, Kano:
Malam, kun ji daɗi. Ni da aka zo tantance ni, rahoton da nake rubuta wa hukuma da Turanci kawai aka duba, aka ce na ci. Abin ya yi mini ciwo, don rahoto shi ne mafi sauƙi a aikina. Duk wanda ya san Challawa da Sharaɗa da Bompai ya san ruwan jima na ɗauke da sinadarin kuromiyom, ya kuma san akwai masu noman rani da ke ban ruwa daga inda magudanun ke zuba. Magana ɗaya ce, amma gida uku nake kai ta. Mai kamfani da lissafin kuɗi za ka je masa: kuɗin tace ruwa, da abin da zai biyo baya in hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta rufe ƙofa. Lebura kuwa safar hannu da takalmin roba, da dalilin ƙaiƙayin da ke damunsa. Na ukun ne mai wuya: ka zauna a zauren mai unguwa, manoman latas da alayyafo sun kewaye ka, ka gaya musu gaskiyar abin da ke cikin ruwan, alhali albashinka daga masu zubar da shi yake fitowa. Mai son sanin ko na iya aikina ya biyo ni zauren nan, ya ji ko ina rage gaskiya.

Malamar mata, Dawanau:
Yaya Hajiya, tamu matsalar daban ce. Bayanina cikin gidaje nake yi, kuma mai tantancewa namiji ba ya shiga. Da farko a ƙofar gida yake tsayawa, in fito in ba shi labari, wato ni ke auna kaina kenan. Daga baya aka turo mace, abin ya gyaru.

Ina koya wa mata ajiye wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, maimakon zuba masa maganin ƙwari. Nakan gaya musu cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda irin wannan magani, amma abin da ke shiga kunnensu shi ne in na ce wannan waken 'ya'yanki ne za su ci shi a ɗanwake. Mai tantancewar ta sa wata amarya ta yi a gabanta. Ta hura ledar ta duba ko da huji, ta zuba wake, ta matse iska, ta ɗaure kowace leda daban. Da ta ƙare aka tambaye ta me ya sa ba a yawan buɗewa, ta ce iska ce abincin ƙwaron.

Tsohon malamin gona, Gusau:
Ina da ja kaɗan, 'ya'yana. Kada a ɗora wa ma'aikaci laifin talauci. Manomi na iya fahimta sarai ya kasa aikatawa, don ba shi da kuɗin buhun, ko gonar aro ce ba zai raini itace a cikinta ba. A auna ko an gane, a kuma auna ko ma'aikacin ya kai kukan mutane sama ga masu shirin. Isar da saƙo ai ba hanya ɗaya ba ce.

Mai tantancewa, Zariya:
Na gode, Baba, wannan na kai kuka sama babu shi sam a takardarmu, zan gabatar da shi a zamanmu na gaba. Malam na Kano, in na biyo ka zauren, zamana ba zai sa manoman su kama bakinsu ba? Gara in zo a matsayin baƙuwarka, ko in bayyana wa mai unguwa aikina tun daga sallama?