Jadawalin awaki a R: in ci gaba ko in koma Excel?

Mai Rigakafi: Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙungiyar mata masu kiwo, kuma ranar Alhamis zan kai wa masu unguwanni rahoton awakin da aka yi wa allura a ƙauyuka biyar. Na zana jadawalin sanduna a R, manhajar ƙididdiga, da kunshinta na zane mai suna ggplot2, amma da na nuna wa shugabarmu sai ta ce ita dai turaku ta gani a tsaye. Shi ya sa nake so kowace sanda ta zama jerin hoton akuya, ɗaya a madadin 50. To wani ƙauyen 230 ne, yaya zan yi da ragowar 30? A takarda za a buga, baƙi da fari, babu majigi. In daure a R, in koma Excel, ko in ba mai zane kuɗi?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ki sa kala, kore da ja, ki haska a majigi. Mutane na son kala.

Mai Rigakafi: Malam, na ce baƙi da fari ne, kuma a ƙofar gidan mai unguwa za a zauna.

Akawun Sito: Excel kawai, Hajiya. Ki danna dama a kan sandar, ki shiga Format Data Series, sai Fill, sai Picture or texture fill, ki ɗauko hoton akuyar. A ƙasa akwai Stack and Scale with, ki rubuta 50. Shi da kansa zai jera huɗu ya yanke ta biyar daidai ragowar.

Na Bakin Kasuwa: Akuya huɗu da rabi? Sai a kira Sarkin Fawa ya shaida rabon 😂

Malamin Ƙididdiga: Tunda alƙalumanki na R, kada ki tashi. Akwai kunshin ggtextures na Claus Wilke, a shafin GitHub ake saukewa, yana da umarnin geom_isotype_col mai jera hotuna a madadin sanda. Hoto ɗaya yana cin ma'auni ɗaya, don haka ki raba adadin da 50 tukuna: 230 ya koma 4.6. Abin da zan roƙe ki shi ne kada wani ya ce ki zana ƙatuwar akuya ga ƙauye mai yawa, ƙarama ga mai kaɗan. In kika ninka tsayin hoto, faɗinsa ma ya ninku, ido zai ga ninki huɗu alhali biyu ne. Wannan ita ce ƙa'idar Otto Neurath tun shekarun 1920 a Biyenna ta ƙasar Ostiriya, tsarin da aka sa wa suna Isotype: a maimaita hoto, kada a ƙara masa girma. Matarsa Marie ma ta zo Ibadan a shekarun 1950, ta yi wa gwamnatin Jihar Yamma ƙananan littattafai da irin wannan zane.

Tsohuwar Ɗaliba: Ni duk wanda ya ce R da hotuna, gabana faɗuwa yake. Da kunshin waffle na yi nawa, da umarninsa geom_pictogram, don kundin digirina na biyu a kan zuwa awon ciki. Kowace mace ɗaya a zanen tana madadin mata goma. A kwamfutata tsaf, har ina nuna wa ƙawaye. Ashe waɗannan hotunan ba hotuna ba ne, haruffan wani salon rubutu ne mai suna Font Awesome da ke zaune a kwamfutata. Na kai fayil shagon buga takardu da daddare, aka buga kwafi shida, aka ɗinke da bango mai tauri. Da safe a gaban malamai aka buɗe babi na huɗu, babu mace ko ɗaya, sai ƙananan akwatuna a jere. Mai jarrabawa na waje ya ɗaga shafin sama ya ce, "Malama, akwatunan mene ne waɗannan?" Wallahi hawaye na riƙe. Mai shagon kuma ya ce abin da na kawo shi ya buga, ko sisi bai mayar ba. Sai da na sayar da zobena na sake bugawa.

Mai Rigakafi: Subhanallahi. Sannu Yaya, Allah Ya mayar da alheri.

Malamin Ƙididdiga: Abin da ya same ki na da magani: a fitar da zanen a matsayin hoton PNG da umarnin ggsave, dpi 300, ko a sa device = cairo_pdf ya cusa haruffan cikin fayil ɗin. Shi ggtextures hoto na gaske yake ɗauka, ba harafi ba.

Tsohuwar Ɗaliba: Malam, da sauƙin faɗa yanzu. Ranar ina kuke?

Ɗan Sabon Gari: Ku bar wahala. Akwai yaro a layinmu, dubu uku ya yi mini jadawali guda biyu a manhajar zane ta CorelDRAW.

Uwar Biyu: Dubu uku a ina? Ni dubu goma sha biyar aka karɓa a kan ɗaya, kuma da adadi ya canza sai da na ƙara biya, domin da hannu yake jerawa.

Akawun Sito: Excel ɗin ma kyauta ne ai.

Malamin Ƙididdiga: Ba kyauta ba ne, lasisi gare shi. R ne kyauta.

Akawun Sito: Ranka ya daɗe, kai a aji kake koyarwa. Mu ne muke kai rahoto gaban mutanen da ba su taɓa ganin jadawali ba. Ta bi wanda ya taɓa zama a tabarmar mai unguwa.

Uwar Biyu: To ni na zauna, kuma ga abin da na gani. Guntun hoton nan shi ya cinye taron. Wani dattijo ya dage sai an gaya masa dalilin da aka yanke tasu aka bar ta maƙwabta cikakkiya. Daga baya na koma hoto ɗaya a madadin 10, jerin ya yi tsawo amma babu guntu, na kuma rubuta adadin a ƙarshen layi. Ki zaɓi hoto baƙi ƙirin marar ado, don mai launin toka dusashewa yake a hoto-kwafi.

Na Bakin Kasuwa: Awaki 23 a layi ɗaya, sai an ɗauko makiyayi.

Tsohuwar Ɗaliba: Ba hotuna kaɗai ba fa. A wannan kundin duk inda na rubuta ƙ da ɗ a sunayen ƙauyuka, ɗigo-ɗigo suka fito.

Malamin Ƙididdiga: Wannan halin pdf na asali ne a R, bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. Cairo ɗin da na ambata yana gyara shi.

Uwar Biyu: Ko a Word ma haka masu shago ke yi mana. Su canza salon rubutu ba su tambaye ka ba, ƙ ta fito da wani girma daban a tsakiyar kalma. Wani ma goge ƙugiyoyin ya yi gaba ɗaya, wai ya ɗauka datti ne.

Akawun Sito: Namu har gardama yake, wai Hausa ba ta buƙatarsu. Katin ɗaurin auren ƙanwata ma haka ya fito, an riga an raba kafin mu lura. Akwai wanda ya san shagon da ke bari ka duba kwafi ɗaya kafin su buga sauran?