Shafen siminti kan katangar laka, ko a bar ta da yaɓe?

Tsohon Mushe, Tawa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nike nema wajen masu sanin gini. Tun da na aje alli na yi ritaya na komo gidanmu na gado nan Bilbis, gidan laka ne, soro biyu na azara da ɗaki guda mai kwano. Kowace shekara sai an sake yaɓe kafin ruwa, ga ƙarfi ya ja baya, yaran kuma sun watse, babban yana Abijan ƙaramin yana Yamai wajen karatu. Na Abijan ɗin ya aiko ɗan abin da ya samu ya ce Baba a shafe katangar duka da siminti kowa ya huta. Magini guda ya ce a yi, wani ya ce kar in soma. Ga Yuni ta matso, kuma kun san kuɗin fansho ba su ɗaukar aiki biyu. Mi kuka gani?

Magini ɗan Adar:
Wa alaikumus salam Mushe, Allah shi ƙara lafiya. Wanda ya ce kar ka soma shi ya gaya maka gaskiya. Siminti da laka ba su zama tare, laka tana shan raɓa ta kumbura, rana ta buga ta tsuke, shi ko siminti yana nan sandare, ko ba daɗe ko ba jima sai ya tsage ya rabu da bangon, ruwa ya bi tsagar ya shige baya kuma ba shi da hanyar fita, daga waje kana ganin katanga fes alhali ciki ta zama kunu. Ka ƙwanƙwasa irin wannan bango za ka ji yana amsawa kamar ba komi ciki. In dole sai an yi, sai an kafa ragar waya da ƙusoshi tukuna, kuma gefen gabas kaɗai ya isa tunda daga can hadari ke bugowa. Amma ni da kuɗina ne, sama zan fara hawa. A duba indararo ko ya toshe, a tsawaita shi ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin bango, a soka azara da wuƙa a ga ko gara ta ci. Sannan yaɓe da laka mai ciyawa wadda ta kwana ta ruɓa, in ana samun makuba (jiƙon kwasfar ɗorawa) wajenku a haɗa, ita ke hana ruwa kama bangon.

Hajiya daga Yamai:
Malam ina gaisuwa, ya iyali? Ni dai abin da na gani nan Yamai a 2020 da kogi ya cika, da kuma daminar 2024, gidajen laka da yawa ta ƙasa ruwa ya ci su, ya kwanta gindin katanga sai ta zauna. Simintin nan a yi dakali da shi kewaye da bango, a gyara kwatar tsakar gida. Kuma in kana kiwon tattabaru kamar maigidana, shi ma tun da ya bar aiki ba shi da zance sai nasu, to a share saman soro, kashinsu da gashinsu ke cushe indararo.

Ɗan lakwal:
Baba kar ka raina laka. Masallacin Yama da ke nan jihar Tawa da laka Falke Barmu ya gina shi tun 1962, har ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Amma tsohon masallacin Damagaram shi ma na laka ne kuma ruwan Satumban 2024 ya rushe shi, kenan kulawa take so. Ka tara samarin unguwa ranar Lahadi a yi gayya, a dama fura, kafin azahar an gama.

Tsohon Mushe, Tawa:
Madalla, Allah shi saka da alheri. Hajiya kamar kin leƙo gidana, tattabaru ne cike da soron, jikokina ma sun raɗa ma kowace suna. Gobe da safe zan sa yaro ya hau ya duba indararon. Gayya sai bayan suna, ɗiyata ta sauka ranar Talata an samu mace, gida cike yake da baƙi. Magini, buhu nawa na simintin Malbaza kake ganin zai ishi dakalin ɗaki ukku? Sai kuma in san yadda zan lallaɓa na Abijan, don shi fa farin bango yake son gani a hoto.